Yadda Za Ki Shawo Kan Maiƙon Fatar Ido Don Kwalliyarki Ta Daɗe Kamar Ta Ƴan Fim

Yau ba labarin sabon fim ko sabuwar waƙa muka zo da shi ba, amma dai maganar ba ta bar gida ba, domin a kan kwalliya ce, musamman kwalliyar ido.

Duk mai kallon bidiyon waƙoƙinmu na Hausa ya san wannan abin. Za ka ga jaruma tana rawa a tsakiyar rana, ana juyi ana tsalle, amma in kyamara ta matso kusa da fuskarta sai ka ga kwalliyar idon nan ta zauna ɗas, ko gezau. Ke kuwa ƴar uwa, kin biya mai kwalliya kuɗi masu kauri don zuwa kamu ko dina, ko awa biyu ba a yi ba kalar saman idonki ta tattare wuri guda ta ja layi, gazal ya haura sama, maskara ta zubo ƙasa kamar wadda ta sha kuka. Kuma daidai lokacin ne mai hoto zai iso teburinku.

Da yawa sukan ɗora laifin a kan mai kwalliya, ko su ce kayan ne ba masu tsada ba. Wani lokacin haka ne. Amma galibi matsalar tana ƙarƙashin kwalliyar, wato maiƙon da fatar ido take fitarwa. In kin gane yadda wannan maiƙon yake aiki, to ko da kayan da kike da su a gida za ki ga canji.

Daga ina maiƙon yake fitowa?

A cikin fatar ɗan Adam akwai wasu ƴan mitsi-mitsin jakunkuna da aikinsu shi ne tatso mai, don fata kar ta bushe ta tsattsage. Sun fi yawa a fuska da fatar kai, shi ya sa goshi da hanci suka fi ko'ina sheƙi. Man da goshi da gira suke fitarwa ba ya tsayawa a inda yake, in gumi ya zo sai ya gangaro da shi saman ido.

Bayan wannan, shi kansa bakin fatar ido, daidai bayan tushen gashin ido, yana da nasa jakunkunan man na musamman. A fatar sama akwai kamar 30 zuwa 40, a ta ƙasa kuma 20 zuwa 30. Likitoci suna kiran su da sunan wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, wanda ya yi bayaninsu tun a shekarar 1666. Duk ƙiftawar da kika yi sai sun ɗan saki mai, man ya shimfiɗu a kan hawayen da ke jiƙa ido don kar ya bushe da wuri. Kin ga kenan wannan man ba cuta ba ne, kariya ce. Ba so muke mu kashe shi ba, so muke mu shiga tsakaninsa da kwalliya.

Yawan maiƙo kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Akwai gado a ciki, akwai sinadaran jiki da suke tashi lokacin balaga, shi ya sa matasa suka fi manya fama da shi. Wasu matan ma sukan lura fuskarsu ta fi maiƙo in al'adarsu ta kusa. Sai kuma zafi, domin in fata ta ɗau zafi man yakan tsinke ya fi saurin fitowa, ga gumi yana taya shi yaɗuwa.

Me ya sa a ido abin ya fi muni?

Ki tuna da me ake goge kwalliya mai taurin kai da daddare. Da mai ne. In kika ɗiga man zaitun ko man kwakwa a auduga kika shafa, nan take maskarar da ruwa ya kasa wankewa za ta narke. Dalili kuwa, yawancin kayan kwalliyar ido da mai da kakin zuma ko danginsu ake haɗa kalarsu, kuma mai shi yake narkar da ɗan uwansa mai. To fatar idonki wannan aikin take yi tun daga lokacin da aka gama miki kwalliya, tana goge ta a hankali a hankali daga ƙasa.

Ƙari a kan haka, fatar ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, kaurinta bai kai milimita 1 ba, kuma ba ta hutawa. Mutum yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti guda. Ki lissafa da 15 kawai, a biki na awa 6 kin ƙifta sau 5,400. Kowace ƙiftawa fatar tana ninkewa tana gogar kanta, kalar da maiƙo ya riga ya jiƙa sai ta dinga taruwa a cikin ninkin. Layin nan da kike gani ya raba saman idonki biyu, haka yake samuwa. Masu idon da fatar sama ta ɗan rufto sun fi shan wahalar, don tasu fatar kusan kullum a manne take da juna.

Ƴan fim sun daɗe suna wannan yaƙin

Matsalar maiƙo da sheƙi ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. A farkon harkar fim a Amurka, kayan kwalliyar ƴan wasan daɓe ake shafa wa jarumai, mai kauri mai maiƙo, in mutum ya yi dariya sai ya tsattsage. A 1914 wani mai kwalliya ɗan asalin Poland, Max Factor, ya haɗa wani mai laushi da ake shafawa siriri, musamman don fim. Da aka fara fim mai kala sai wata matsalar ta ɓullo, sheƙin fuska yana ɗauko kalar kayan da ke kusa, ka ga fuskar jaruma ta yi ja ko kore. Wannan ne ya sa kamfaninsa ya fito da hodar Pan-Cake a 1937, wadda ake shafawa da jiƙaƙƙen soso ta bushe ba ƙyalli.

Darasin da masu kwalliyar fim suka riƙe tun wancan lokaci bai canza ba: a shafa kaɗan, a kashe sheƙi, a dinga dubawa. Ki kuma sani, abin da kike gani a bidiyo ba kwalliyar da aka yi da safe aka manta da ita ba ce. A lokeshan, da darakta ya tsayar da ɗauka mai kwalliya zai matso da hoda da burushi ya gyara, don fitowa ɗaya ta minti 3 tana iya cin awanni, kuma dole fuskar ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Bayan nan ga gyaran kala a wajen edita. Don haka kar ki takura kanki cewa taki sai ta yi awa 12 ba a taɓa ta ba. Amma daga awa 2 zuwa a tashi daga biki lafiya, wannan kam mai yiwuwa ne.

Matakan da za ki bi

1. Ki wanke, ki bari ta bushe. Ki wanke fuska da sabulun fuska mara ƙarfi, ki haɗa da saman ido da gira, ki tsane da tawul mai tsafta ba tare da dirzawa ba. Kar ki ce za ki yi ta wankewa da sabulun wanki ko ki goga lemon tsami don maiƙo ya tafi. Fatar wurin ba ta da ƙwari, za ta yi ja ta yi ƙaiƙayi, kuma maiƙon zai dawo abinsa.

2. Mai ya tsaya a iyakarsa. Nan ne da yawa suke ɓata aikin tun kafin a fara. Basilin, man kaɗe, man zaitun, duk suna da amfaninsu, amma ba a saman ido ba ranar kwalliya. Ki shafa man fuskarki mara nauyi a kumatu da goshi, ki tsallake fatar ido. Ki jira kamar minti 10 ya shige, sannan ki ɗora tishu a saman idon ki ɗan danna, ko da wani ya gangaro.

3. Firaima ta ido. Wannan ita ce katangar da muke magana. Firaimar ido daban take da ta fuska, tana bushewa ta ɗan yi kama-kama, ta tare mai daga ƙasa, ta riƙe kala daga sama. Yawanci akwai silikon da silika a cikinta, su ne suke shanye maiƙo su daidaita fata. Abin da ake buƙata bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba a kowane ido. Ki shafa da ɗan yatsa daga tushen gashin ido har ƙasan gira, ki tabbatar ta shiga cikin ninkin, ki kuma ɗan taɓa a ƙasan ido. Sai ki runtse ido ki jira kamar minti 1 ta bushe. In kika labta da yawa, ita kanta za ta tattare.

4. Maganar konsila da faundeshan. Masu kwalliya da dama da konsila suke shimfiɗa a saman ido don kala ta fito raɗau a baƙar fata. Ga mai busasshiyar fata ba laifi. Ga mai maiƙo kuwa, yawancin konsila suna da nasu man, kin ƙara mai a kan mai kenan. In dole sai an sa, to firaima tukuna, sannan konsila siririya sosai. Faundeshan kuma bai da aiki a saman ido sam.

5. Ki danne da hoda. Ki ɗebi hoda mara kala, ko ruwan ɗorawar nan da ake kira banana, a ƙaramin burushi, ki kaɗe, ki daddanna a saman idon. Dannawa ake yi, ba sharewa ba. Amma ki kula, farar hodar da ke da silika da yawa tana da wani hali: a ido ba a ganin ta, amma da filashin kyamara ya haska sai ta fito fari fat a hoto, musamman a fatarmu. Kafin ki fita ki ɗauki hoto ɗaya da filashin wayarki ki duba.

6. Kala kaɗan-kaɗan. Aishado na gari ya fi na kirim zama a fata mai maiƙo. A cikin ninkin ido ki sa kala mara ƙyalli, mai ƙyallin ki ajiye ta a tsakiyar ido ko gefen hanci, don mai ƙyalli ita ta fi saurin zamewa kuma ta fi tona asirin maiƙo. Ki shafa siriri, ki baje, ki ƙara in bai isa ba. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri daɗewa.

7. Gazal da maskara. Fensiri mai laushi irin kajal ɗin da muke gani a idon jaruman Indiya yana da kyau, amma shi ne na farkon narkewa. Ki nemi na ruwa ko na jel wanda ruwa ba ya wankewa. In fensirin kike so, bayan kin ja layin ki ɗebi baƙin aishado a siririn burushi ki danna a kansa, zai riƙe shi. Bayan kin ja layi ki ci gaba da kallon ƙasa na ɗan lokaci har ya bushe, don kar ya buga tambari a sama. Maskara kuma ki rage ta a gashin ƙasa, don nan ne take fara zuba. Ki tuna, abin da aka rubuta cewa ruwa ba ya wanke shi yana jure gumi da hawaye ne, amma mai yana iya narkar da shi, don haka bai ɗauke miki matakan baya ba.

8. Feshin riƙe kwalliya. Ki rufe ido, ki nisanta kwalbar kamar tsawon kamu ɗaya daga fuska, ki fesa, ki bari ya bushe da kansa ko ki yi fifita. Taimako yake yi, amma ba zai gyara kwalliyar da aka ɗora a kan maiƙo ba.

In kina wajen biki maiƙo ya taso

Abin da aka saba shi ne a ciro hoda a yi ta labtawa. Hoda in ta haɗu da mai da gumi ƙullu take zama, sai wurin ya yi kauri ya tsattsage. Ki fara cire man tukuna. Akwai takardar tsotse maiƙo da ake sayarwa a shagunan kayan kwalliya, in babu ki raba tishu biyu ki ɗauki falle ɗaya. Ki rufe ido, ki ɗora, ki danna a hankali, ki ɗaga. Kar ki goga. In layi ya riga ya fito, ki baje shi da tsaftataccen yatsa ko ɗan tsinken auduga, sannan ki taɓa hoda kaɗan. Ki dinga tsane goshi da gira tun kafin gumin ya gangaro, wannan kaɗai yana rage rabin aiki.

Maza ma wannan ya shafe ku, musamman mawaƙa da masu ɗaukar bidiyon TikTok. Ba sai kun sa kala ba, tsane saman ido da goshi da ɗan taɓa hoda mara kala ya isa ya kashe sheƙin da fitila take fito da shi.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza

Kwalliyar bazara daban, ta hunturu daban. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, ki rage yawan shafe-shafe iya yadda za ki iya, kuma a yi miki kwalliyar a gaban fanka ko a ɗaki mai sanyi. Wadda aka yi wa tana gumi ta riga ta lalace tun a kujera. Da damina iska tana da laima, komai yana jinkirin bushewa, sai ki ƙara lokacin jira tsakanin mataki da mataki. Da hunturu kuwa fuska tana bushewa, mutane suna ƙara shafa mai, sai ka ga kumatu a bushe amma saman ido yana sheƙi saboda basilin. A lokacin ki rage hoda, amma dokar tsallake fatar ido tana nan.

Dabarun da ya kamata ki guje wa

Kwalliya dai ta kwana ɗaya ce, ido kuwa biyu ne kacal, kuma ba a sayar da su a kasuwa.

Na farko, Milk of Magnesia. Maganin ciki ne, amma ya yi suna a wajen wasu masu kwalliya a Najeriya don yana busar da maiƙo ƙaƙas. Matsalar ita ce fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, shi kuwa wannan maganin ya kai 10, wato ɓangaren kanwa yake. Yawan shafa shi yana raunana kariyar fata, balle a wuri mai laushi kamar fatar ido.

Na biyu, gam. Gashin ido na kanti yana da nasa gam ɗin. Kar ki yarda a manna miki shi da gam ɗin gashin kai, yana iya kumbura fatar ido ya tuge miki naki gashin.

Na uku, kwallin dutse. Mun taso mun ga iyaye da kakanni suna sawa, amma irin mai ƙyallin nan da ake niƙawa daga dutse sau da yawa dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta fitar da rahoto a kan wani jariri a birnin Boston, ɗan iyaye ƴan Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, sai aka ga kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Gubar dalma ta fi illa ga ƙananan yara da masu juna biyu, don tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kuma ko wane irin kwalli ko gazal ne, yawan cusa shi a cikin bakin ido yana iya toshe ƙofofin jakunkunan man nan da muka ambata.

Na huɗu, karo-karon kayan ido. A gidan biki za ka ga burushi ɗaya da maskara ɗaya sun zagaye amarya da ƙawayenta goma. Ta haka ciwon ido irin Apolo yake yaɗuwa. Ki tafi da maskararki da gazal ɗinki, ba rowa ba ce. Maskara in ta yi wata 3 da buɗewa a jefar da ita, kuma kar a tofa mata yawu ko a zuba ruwa don ta yi laushi. Burushi a dinga wanke shi duk mako, don wanda ya sha maiƙo mai yake mayarwa fata. Wajen saye kuma ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Araha ba ta ado.

Kafin ki kwanta

Komai gajiya kar ki kwana da kwalliyar ido. Yanzu ne mai yake da rana: ki jiƙa auduga da man goge kwalliya, ki ɗora a rufaffen ido kamar daƙiƙa 20 ya narkar da ita, ki share a hankali, sannan ki wanke fuska don kar man ya kwana. Barin kwalliya a tushen gashin ido yana daga cikin abin da ke kawo hazbiya. In kina yawan samun ta, ɗora tsaftataccen tsumma mai ɗumi a rufaffen ido na minti 5 zuwa 10 yana taimakawa wajen narkar da man da ya daskare.

In kuwa maiƙon ya zo da ƙaiƙayi, ja a bakin ido, ko wani ɓawo-ɓawo kamar amosani a tushen gashin ido, to wannan ya wuce maganar firaima. Ki ajiye kwalliya ki ga likitan ido. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, ga kuma sashen ido a manyan asibitocin jihohi.

Ki gwada matakan nan a gida wata rana da ba ki da fita, ki duba madubi bayan awa 4, ki ga inda kwalliyar take fara ɓaci. In a ninki ne, ki rage kauri. In daga gira ne, ki ƙara tsane goshi. Ranar biki ba ranar gwaji ba ce. Da kin san halin fatarki, ke ce za ki faɗa wa mai kwalliya abin da za ta sa da abin da za ta bari, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, mu koma fagen fim da waƙa.